Yaro Ma Yana Da Ta Cewa A Kan Karatunsa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Wambai, cikin birnin Bauci, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar ranar makaranta, zai ga yara suna fitowa ta kowane lungu kamar an buɗe akurki. Wasu da jaka a baya, wasu da littafin rubutu guda tak a cikin leda, yayye riƙe da hannun ƙannensu suna jiran ababan hawa su lafa su tsallake titi. Idan mutum ya tsai da goma daga cikinsu ya tambaye su abin da suke so su zama in Allah ya raya su, ba zai daɗe yana jiran amsa ba. Wannan likita, wancan soja, waccan nas, ba kuma za a rasa mai cewa gwamna ba. To amma in ya juya tambayar ya ce wa yaro, "Mene ne kake so ka sani wanda ba ka sani ba?" sai ya ga an sunkuyar da kai ana zanen ƙasa da babban yatsa.

Shirun nan ba na rashin basira ba ne, domin kuwa yaron da ya yi shiru shi ne wanda jiya da daddare ya hana uwarsa sakat da tambayar inda wata yake kwana da rana. Abin da ya faru shi ne, tun ranar da aka kai shi aji ɗaya ya lura cewa a makaranta tambaya ta malam ce, ɗalibi kuwa nasa amsawa, kuma amsar ma guda ce, wadda aka rubuta a allo aka sa aji duka ya maimaita da ƙarfi. Yaro ba ya ɓata lokaci wajen gane irin wannan doka. Sai ya riƙa ajiye tambayoyinsa a ƙofar aji tare da takalmansa. Wasu yaran sukan jure haka har su gama. Wasu kuwa, waɗanda suke ganin abin da ake yi a aji bai haɗa hanya da rayuwarsu ba ko ta ina, su ne ake wayi gari an nema an rasa tun daga aji huɗu, wannan yana bin mota a tasha, waccan tana ɗauke da tiren talla.

Garin Da Ya Saba Da Tambaya

Ƙofar Wambai tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da ta kewaye tsohon birni, kamar su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun da Ƙofar Idi. Wanda ya kafa birnin a wajejen 1809, watau Malam Yakubu, almajiri ne kafin ya zama sarki, domin a gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu, daga hannunsa kuma ya karɓi tuta. Saboda haka ba a baƙunci ilmi a Bauci ba.

Ba a baƙunci tambaya ba kuma. A shekarar 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki sukan zauna su tattauna al'amuran ƙasa. Cikin masu halarta akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda aka turo shi koyarwa a makarantar Midil ta Bauci a 1942, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya dawo daga Kwalejin Katsina a 1933 ya kama koyarwa a wannan makaranta. Dukansu uku sun riƙe alli. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, don da tambayoyi suka fara zafi, har ana taɓa yadda ake mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, sai hukuma ta tsai da ita. Amma kafin a rufe ta ta riga ta haifar da abin da ba ya rufuwa, kuma shekara goma sha huɗu bayan kafa ta ɗaya daga cikin masu taɗin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun gane cewa wanda aka zaunar aka ce ya faɗi abin da ke ransa, a hankali yakan koyi yin tunani da kansa. Sun yi abin ne domin manya. Abin da masana tarbiyya suke ta nunawa shi ne yaro ɗan shekara bakwai ya fi babba bukatar irin wannan zama.

Yadda aka kai ga ajin maimaici kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. A watan Satumba na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, Gwamnatin Tarayya ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, wasu yaran ma a gindin bishiya suka fara. Malamin da ya tsinci kansa gaban yaran da suka fi ƙarfin ƙirgawa ba shi da wata dabara illa ya faɗa su amsa. Shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda aka yi wa doka a 2004, ya tsawaita karatun dole zuwa shekara tara, amma cunkoson aji da salon koyarwar ba su kau ba.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin malamai masu ba ɗalibai shawara kan zaɓen sana'a. A aikace an fi ganinsu a sakandare, in ma an gan su ke nan. Matsalar ita ce, kafin yaro ya kai sakandare an riga an yi ruwa an ɗauke. Wata masaniya a Amurka mai suna Linda Gottfredson ta bayyana a 1981 cewa tsakanin shekara shida zuwa takwas yara suke raba ayyuka gida biyu, wannan na maza, wannan na mata, su yar da wanda suke ganin ba nasu ba ne. Tsakanin tara zuwa goma sha uku kuma su sake tankaɗe, su cire wanda suke ganin ya fi ƙarfin irin gidansu. Abin da aka cire a wannan lokaci da wuya ake sake waiwayarsa. Haka nan a 2018 wata ƙungiya a Ingila ta sa yara wajen 20,000 'yan shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya, daga ƙasashe daban-daban, su zana aikin da suke so su yi. Aka tarar yawancinsu abin da suka gani a gida ko a talabijin suka zana, waɗanda kuwa suka ji labarin aikin daga bakin wani baƙo da ya ziyarci makarantarsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan yarinyar Ƙofar Wambai da ta ce nas ba lalle ne ta zaɓa ba. Mai yiwuwa nas ce kaɗai mace mai aikin albashi da ta taɓa gani ido da ido.

Yadda Taɗin Aji Yake

Dabarar da ake magana a kai ba ta bukatar kwamfuta ko wani sabon gini. Allo da alli sun isa, in da hali a ƙara da faffaɗar takarda, ko da bayan tsohuwar kalanda ce. Asalinta ma ba daga makaranta ta fito ba. Wani mai harkar tallace-tallace a birnin New York, Alex Osborn, shi ne ya baza ta a duniya cikin littafinsa na 1953, bayan ya lura cewa ma'aikatansa ba sa faɗin shawararsu a taro don tsoron a gwale su. Sai ya kafa sharaɗi cewa a zaman farko ba mai kushe maganar wani, a bar kowa ya zubo abin da ke kansa komai rashin kan gadonsa, tacewa sai daga baya. A 1986 kuma wata malama a Amurka, Donna Ogle, ta fito da tsarin da malaman firamare suka fi amfani da shi, inda ake raba allo gida uku: abin da muka sani, abin da muke so mu sani, sai kuma abin da muka koya, wanda ake barinsa fayau sai an gama darasin.

A ɗauka ajin aji biyu ne, yara tamanin, rabinsu a ƙasa kan tabarma. Kuskuren farko da malami zai yi shi ne ya tsaya gaban aji ya ce wa ke da tambaya. Hannu biyar za su tashi, su ne dai biyar ɗin kullum, 'ya'yan gidajen da ake hira da yara, saura kuwa su kwaikwayi abin da suka ji. Masu bincike a Jami'ar Yale sun nuna tun 1958 cewa mutane sun fi fitar da ra'ayoyi masu yawa in kowa ya fara yin tunani shi kaɗai kafin a haɗu. Saboda haka gwanayen malamai sukan fara da zane. A ce wa kowane yaro ya zana abu guda da yake ba shi mamaki, ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba ya iya zane, ko a kan takarda, ko a ƙasa da tsinke. Bayan haka sai a haɗa su biyu-biyu kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya zana, sa'an nan a nemi kowane yaro ya faɗi na abokinsa. Wannan 'yar dabara tana da amfani ƙwarai a ƙasar Hausa, inda kunya take daga cikin tarbiyya. Yarinyar da ba za ta iya buɗa baki ta ce ga abin da nake so ba, ba ta jin nauyin ta ce ga abin da ƙawata take so.

Irin abubuwan da sukan fito daga bakin yara a irin wannan zama ba sa kama da jerin likita da soja. Wani zai so ya san abin da ya sa ƙosai yake nutsewa in an jefa shi cikin mai, sa'an nan ya taso. Wata za ta tambayi yadda muryar yayanta da ke Legas take shiga cikin waya. Wani ya ji an ce ruwan famfo daga madatsar ruwa ta Gubi yake zuwa, yana so ya san wa ke turo shi. Wani kuma giwa ce damuwarsa, don ya ji ana cewa akwai giwaye a Yankari, ga shi ɗan Bauci bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Aikin malami a wannan lokaci rubutu ne kawai. Ya rubuta kowace tambaya yadda aka faɗe ta, ya sa sunan mai ita a gefe. Kada ya gyara, kada ya amsa, kada kuma ya ce wannan ta fi kyau. Rubuta sunan ba ƙaramin abu ba ne, gama akwai yaron da ranar ce zai fara ganin sunansa a allo ba cikin jerin masu surutu ba.

Babban abin da ke kashe irin wannan zama shi ne dariya. In yaro ya ce shi gyaran babur yake so ya koya, aji ya fashe da dariya, malam ma ya murmusa, to an gama. Ba shi kaɗai aka rufe wa baki ba, har da duk yaran da iyayensu ke cin abinci da spana da allura da guduma, waɗanda su ne mafi yawa a unguwa irin wannan. Malamin da ya san aikinsa tambaya zai ƙara: a jikin babur, wane wuri ne ya fi ba ka mamaki? Daga nan sai ga maganar mai da wuta da iska, watau kimiyya ta shigo aji ta ƙofar da ba a zata ba.

Da wane harshe za a yi taɗin? Manufar 1977 ta ce a koyar da yara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi amfani da shi a shekarun farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta tsawaita wannan zuwa ƙarshen firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 aka soke aka koma Turanci. Masu tsara manufa suna iya ci gaba da jayayyarsu. Amma wanda ya taɓa zama da ɗan shekara bakwai a cikin birnin Bauci ya san cewa, ko Bafillace ne ko Bajari ko Bageri, da Hausa yake wasa, da ita kuma yake mamaki. In aka tilasta masa ya yi tambayarsa da Turancin da bai wuce gaisuwa ba, to shirun nan na farko za a koma.

Daga Buri Zuwa Niyya

Tara tambayoyi shi ne rabin aikin mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a taimaki yaro ya mai da abin da yake sha'awa ya zama abin da zai iya cim ma, ya kuma gani da idonsa cewa ya cim ma. A nan ne ya kamata malaman boko su ɗan saukar da kai su leƙa zauren da ke maƙwabtaka da su.

Yawancin yaran Ƙofar Wambai suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma. A makarantar allo ba a haɗa yara a kan darasi guda. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani ya fara ƙananan surori. Tambayi kowane ɗayansu, zai gaya maka surar da yake ciki da wadda ke gabansa ba tare da inda-inda ba. Babban buri yana nan kowa ya san shi, watau sauka, izifi sittin, ranar da za a yi walima a tara dangi. Amma ba wanda yake tashi da safe yana tunanin izifi sittin. Abin da ke gabansa shi ne ya iya abin da ke kan allonsa yau, ya biya wa malam, a ce masa ya je ya wanke. Wankin allon nan shi ne ladan da ido ke gani. Shi kuwa ɗan aji biyu na boko, in aka tambaye shi ina ya tsaya a lissafi, ba shi da amsa, domin ba a taɓa nuna masa cewa akwai matakala ba, balle ya san ta nawa yake kai.

Abin da malaman zaure suka gada kaka da kakanni, masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi sun tabbatar. A 1981 Albert Bandura da Dale Schunk sun ɗauki yaran firamare waɗanda lissafin ɗebewa ya gagare su, kuma ba sa son lissafin sam. Wasu aka ce musu su yi niyyar gama 'yan shafuna kaɗan a kowane zama, wasu kuma aka ba su aikin duka aka ce su yi niyyar gamawa a ƙarshe. Waɗanda aka gutsura wa aikin su suka fi iyawa, suka fi yarda da kansu, abin mamaki kuma har suka koma suna son lissafin.

Saboda haka in yarinya ta ce likita take so ta zama, ba a ƙaryata ta, ba a kuma tsaya nan. Sai a tambaye ta, me likita yake yi da kike so ki iya? In ta ce yana rubuta magani, to ga hanya ta samu: kafin Juma'a mai zuwa za ta iya rubuta sunanta da na mahaifiyarta ba tare da ta duba ba. Mai son giwa kuwa, kafin ƙarshen wata zai karanta wa ajin jimla uku a kan giwa da bakinsa. Mai tallar gyaɗa da ba a taɓa cutarta a canji ba, amma kullum tana faɗuwa lissafi, niyyarta ita ce ta rubuta cinikin rana ɗaya da lambobi. Sharaɗin shi ne niyyar ta kasance ƙarama, mai kusa, wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba, kuma daga bakin yaron ta fito. Wadda malam ya ɗora masa aikin gida ce, ko da wane suna aka kira ta.

Wannan magana ta karatu da rubutu ba ta ado ba ce. Gwajin karatu da aka yi a makarantun gwamnati na Bauci da Sakkwato a 2013 ya nuna cewa mafi yawan yaran aji biyu da aji uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ne ya jawo shirin Mu Karanta, wanda jihohin biyu suka gudanar da taimakon Amurka a shekarun da suka biyo baya, aka buga littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, aka horar da malamai kan koyar da sautin baƙaƙe da wasula. Littafi da horo suna koya wa yaro yadda ake karatu. Dalilin da zai sa ya wahalar da kansa ya koya kuwa, sai in akwai wani abu a cikin takardar da yake ɗokin sani.

Masu Ja Da Magana

Ba kowa ne ya yarda da wannan ba, kuma masu ja suna da hujjojin da ba a yar da su. Dattawa sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. In aka bar yaro ya zaɓi abin da zai koya, wa zai zaɓi jadawalin ninkawa? Gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce a miƙa wa yaro manhaja. Manhaja tana nan yadda hukuma ta tsara, jarrabawa ma tana nan. Abin da ake cewa shi ne darasin ruwa da ke cikin manhaja ana iya shigarsa ta tambayar yaron nan mai son sanin wa ke turo ruwan Gubi, darasin auna zafi kuma ta ruwan Wikki na Yankari, wanda ke fitowa da ɗumi daga ƙarƙashin ƙasa, ma'aunin zafinsa wajen 31, rani da damina. Wasu iyayen kuma tsoronsu shi ne yaron da aka saba wa tambaya zai fitsare. Wannan ya danganta da malami. Tambaya da ladabi ba abokan gaba ba ne, in ba haka ba da Hausawa ba su ce matambayi ba ya ɓata ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malamai kansu. Mutumin da ke fama da yara tamanin, ga rajista, ga shirin darasi, ga albashin da ba ya kai wata, in aka zo masa da sabon aiki dole ya harari mai kawowa. Ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji wannan ba. Iyakar abin da za a ce shi ne zaman bai wuce darasi ɗaya ko biyu a farkon zango ba, sai kuma 'yan mintoci ranar Juma'a a duba wa ya cika niyyarsa. Amma gara a bari da a fara a watsar. Yaron da aka tambaya, aka rubuta tambayarsa, sa'an nan aka goge allo ba a sake waiwaya ba, ya koyi darasin da ya fi na da muni, watau ko an tambaye ka ba da gaske ake ba.

Akwai kuma wani abin da malami zai shirya masa. In aka buɗe wa yara baki, ba tambayar giwa kaɗai ke fitowa ba. Wata rana yaro zai tambayi abin da ya sa ba a ɗora tukunya a gidansu jiya ba, ko me ya sa aka cire yayarsa daga makaranta. Irin wannan ba a rubuta ta a allo. Bayan an tashi ake kiran yaron gefe.

Sauran aikin na unguwa ne, kuma nan ne Bauci ta fi garuruwa da yawa gata. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana cikin gari, ga asibitin koyarwarta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kabarin Firayim Minista da kayan tarihinsa, wanda baƙi ke zuwa gani daga nesa alhali yaran gari da yawa ba su taɓa shiga ba. A Ƙofar Wambai kanta akwai makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati, cike da yayyen waɗannan yara. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai ba sa bukatar kasafin kuɗi kafin su gayyato mutum guda a wata ya zauna da 'yan aji uku na rabin awa. Sai dai a lura da wanda ake gayyata. In kullum mai kwat ne, an sake gaya wa ɗan maƙeri cewa sana'ar gidansu ba abin koyo ba ce. A kawo likita mace, a kawo makaniki da kayan aikinsa, a kawo tela ya nuna musu cewa da awo da lissafi yake yanka yadi, a kawo mai kula da dabbobin daji ya amsa wa mai giwa tambayarsa. Uwa ma da ba ta yi boko ba tana da nata, domin ba sai ta iya karatu ba kafin ta tambayi ɗanta da daddare, yau me ka ji wanda ba ka sani ba jiya?

A ƙarshen zango akan sauko da takardar nan daga bango, ta yi ƙura, gefenta ya yage, a cika gida na uku. Malam ya karanto tambaya da sunan mai ita, yaron ya miƙe ya faɗi abin da ya gano. Mai ƙosai ya ce ruwan da ke cikin ƙullun ne yake zama tururi, tare da iskar da aka buga a ciki, su kumbura shi ya yi sauƙi ya taso. Mai sunan mahaifiya ta fito ta rubuta shi a allo da hannunta. Wasu tambayoyin ba za a same su da amsa ba, don akwai waɗanda malam ma sai ya tambayo. Waɗannan akan kwafe su a sabuwar takarda, da sunayen masu su, a miƙa wa malamin da zai karɓi ajin bayan hutu.